Na Kai Rago Kasuwa Washegarin Sallah

Shekara biyu da rabi na yi ina gyaran wani tsohon jirgin ruwa na katako a Norfolk, gabashin Ingila, inda neman abinci ya ajiye ni. Ɗan Yawuri ne ni, a bakin Neja na tashi, shi ya sa ranar da na gan shi yashe a bayan wata rumfa kusa da Wroxham, fenti duk ya ɓaɓɓare, na kasa wucewa. Ƙirar shekarun 1950 ne. Da na kankare shi sai ga jan katako, dangin maɗacinmu, irin wanda masassaƙan jiragen Ingila suka daɗe suna saye daga Afirka ta Yamma.

Aiki ya ƙare ƙarshen Satumba, aljihu ma ya ƙare tare da shi. Farkon Oktoba na sa shi kasuwa, fam 9,000. Mako uku waya shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Wanda ya fara zuwa wani dattijo ne da sukundireba a aljihu. Bai ko kalli ƙyallin da na kwana ina gogewa ba, durƙusawa ya yi yana tsokanar katakon ƙasa yana neman ruɓa. Bai samu ba, amma ya taya 5,500. Na ce albarka. Sai ya shiga lissafa mini da yatsu: kuɗin ɗaga jirgi daga ruwa, hayar wurin ajiya har hunturu ya wuce, tsiyaye ruwan inji kada ƙanƙara ta fasa shi, inshora, ga harajin hukumar Broads, mai kula da koguna da tafkunan yankin, da ake sabuntawa ranar 1 ga Afrilu. Ya ce wata shida zai yi yana ciyar da abin da bai hau ba. Haushi na ji, amma gaskiya ya faɗa. Ƙarshen Oktoba ake mayar da agogo baya, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Wa zai fita yawon ruwa? Kuma duk mai gudun wannan lissafin a lokacin yake fito da nasa jirgin, kaya su yi yawa, masu saye su yi ƙaranci.

Da na ba uwargida labari, dariya ta yi. "Malam, ka kai rago kasuwa washegarin Sallah, kana mamakin an yi maka tayin wulaƙanci?"

Na janye shi, na ce sai sanyi ya tafi. A nan na tafka babbar wautar. Na sa shi cikin rumfa na bar shi har Afrilu, ina ganin gata na yi masa. Ashe busasshiyar iskar gabas ta watan Maris tana yi wa katako abin da hunturun gida ke yi wa diddige. Allunan suka tsuke, har in ka shiga ciki kana hango haske ta tsakaninsu.

Na mayar da shi kasuwa, ana saura mako guda bikin Ista aka fara kira. Don ɗoki, da safiyar ranar da mai saye zai zo na sa aka saukar da jirgin. Mutumin ya iso da matarsa da kwandon abinci, suka tarar da ni ruwa har idon sawu, famfo na ta aiki. Suka yaba fenti cikin ladabi irin nasu, suka juya. Mai wurin ajiyar, wanda da jirage ya tsufa, ya ce in kwantar da hankali, jirgin ƙishirwa yake ji: a bar shi a ruwa, katako ya sha ya kumbura, zai toshe kansa. Kwana goma ina zuwa safe da yamma ina kwashe ruwa. A na sha ɗaya cikinsa ya bushe ƙayau.

Kafin nan na sabunta takardar lafiyar jirgi, wadda ake yi duk shekara huɗu, na sake ɗaukar hotuna da rana a kan kogin Bure maimakon na cikin rumfa masu duhu. A Mayu mutum uku suka zo cikin mako guda, kuma na tabbatar kowa ya san da zuwan sauran. Na sallama a 8,500. In aka cire abin da hunturu ya ci, sama da fam 1,000, ratar ta ragu, amma abin da ya rage mini ya fi tayin dattijon nesa. Guminta na wata talatin kam ban sa shi a lissafi ba, don kada in yi kuka.

Wanda ya saya bai tambayi tarihin jirgin ba, bai tambayi katakon ba. Awo ya ciro ya gwada tsayinsa daga ruwa zuwa rufi, sau biyu, don ya tabbatar zai shige ƙarƙashin tsohuwar gadar ƙauyen Potter Heigham, wadda ta yi ƙasa-ƙasa da ruwa, kafin hutun yara ya zo.