Ulu gashi ne

Da sanyin bara na fara rini, a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, saboda ina son in saƙa wa jaririyar ƙanwata hula da safa da launin da na haɗa da hannuna. Saƙa na iya tun ina yarinya. Rini kuwa a bakin Habboba kawai na san shi, wato kakarmu, mai ba mu labarin marinar Ƙofar Mata ta Kano, inda kakanta ya yi aiki kafin ya kamo hanyar hajji a ƙafa, tafiyar da ta tsaya a Mai Wurno kusa da Sinnar.

Na sayo farin zare a kasuwa, na dafa karkade, wato zoɓo, na tsoma. Ina ɗaurayewa launin ya bi ruwa. Habboba ta ce, "Miƙo ashana." Ta kunna wa bakin zaren, sai ya narke ya dunƙule kamar leda, yana ƙaurin roba. Ashe akirilik ne, wato zaren roba, wanda rinin ganye ba ya kama shi. Ulu na gaske ƙaurin babbakar kan rago yake yi, tokarsa kuma murmushewa take a yatsa. Samunsa a nan ba sauƙi, don yawancin tumakinmu masu gajeren gashi ne. Tsohuwar farar suwaitar Baba na warware.

Ɓarna ta biyu ta fi yi mini ciwo. Na ji ana cewa marina na zuba toka da kanwa, sai na jefa atrun, kanwarmu ta nan, cikin zoɓon. Nan take jan ya koma kore-kore mai duhu. Na bar tukunyar ta yi ta tafasa ina juyawa da muciya, sannan na tsamo zaren na sheƙa masa ruwan randa mai sanyi. Ya cure ya kama juna, kamar kitson da ya shekara ba a tsefe ba. Hannun suwaitar Baba guda ya tafi a nan, Baban da ba ya raye. Na zauna a bakin murhu na yi kuka.

Habboba ta ɗauki curin ta jujjuya. "Ke 'yar nan, auduga kika ɗauke shi? Kakana auduga yake rinawa, ita ke jure toka. Wannan gashi ne. Abin da ba za ki yi wa kanki ba, kada ki yi masa." Ta tura ni in ɗebo garin lallenta.

Gaskiyarta. Lalle yana kama ulu kamar yadda yake kama gashi da farce, ba ya neman taimakon komai, ya ba ni ruwan ƙasa mai ja-ja. Sauran launuka sai da alif, wanda ake kira shabb a kasuwar nan: giram 10 ga kowane giram 100 na busasshen zare. Ina jiƙa zaren tukuna, in ɗora a kan gawayi kaɗan, ruwan ya yi ta ɗumama a hankali har ƙananan kumfa su fara tasowa daga gindin tukunya. A nan nake tsayar da wutar, awa guda, ba tafasa, ba juyi. Sai in bar shi ya kwana a ciki ya huce da kansa.

Ɓawon albasa ne ya fi faranta mini rai. Wata mai albasa ta riƙa tara mini a buhu, abin da da shara ne, ya fito rawaya kamar zinariya. Bagaruwar majema, wadda ake kira garad a nan, da ruwan tsoffin ƙusoshi masu tsatsa, ta ba ni ruwan toka mai duhu, amma ƙarfen in ya yi yawa zaren kaushi yake yi. Zoɓo dai na haƙura da shi. Ko da alif, na ajiye guntu a taga mako biyu, rabinsa a rufe, ɓangaren da rana ta gani ya koɗe sarai.

Hular ta fito rawaya da bakin lalle. A gefe ɗaya akwai farin zobe siriri, inda na ɗaure zaren da ƙarfi rini bai shiga ba. Ƙanwata ta hana ni warwarewa, ta sa wa yarinyar haka nan har sanyi ya wuce.