Asabar: na sake famfon kwashe ruwa na jirgi

Tun da asuba mai gadin matsayar jirage ya kira ni a waya, ya ce, "Alhaji, ka zo ka duba jirginka, bayansa ya zauna cikin ruwa fiye da yadda na saba gani." Ruwan sama ya kwana yana zuba a Legas, irin na watan Yuni, saboda haka tun kafin in isa Ikoyi na san abin da zan tarar. Da na ɗaga murfin kwarmin jirgin sai na ga ruwa ya kusa taɓa akwatin batir, famfon da ya kamata ya kwashe shi kuwa yana nutse shiru. Ni da Baba mai gadi muka yi kusan awa guda muna kwasa da bokiti.

Ban yi mamakin yawan ruwan ba, domin lissafinsa a fili yake: kowace milimita ɗaya ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Buɗaɗɗen wurin zama na jirgin ya kai murabba'in mita 8, don haka idan aka yi ruwa na milimita 50, lita 400 ke nan, nauyin manya biyar ko shida, duk sun taru a baya wajen inji. Abin da ya dame ni shi ne dalilin shirun famfon. Na bi wayarsa da hannu har na iso inda wani ya taɓa haɗa ta da wayar batir, ya murɗe su kawai ya naɗe da salatif, ya bar mahaɗar kwance a inda ruwa ke taruwa. Da na kware salatif ɗin sai jan ƙarfen ya zube kamar gari, kore shar. Famfon kansa lafiyarsa ƙalau, domin da na jona shi kai tsaye da batir ya juya. Wuta ce ba ta isa gare shi ba.

Duk da haka na yanke shawarar sake tsarin gaba ɗaya, na tafi wani kantin kayan jirage a Apapa. A nan na daɗe a tsaye gaban kwalaye, saboda lambar da ake bugawa da manyan haruffa a jikinsu, 500 ko 1100 ko 2000, tana ruɗin mai saye. Lambar tana nufin galan na Amurka a cikin awa ɗaya, kuma galan ɗin ya ɗan haura lita 3.7, amma ana auna ta ne alhali famfon ba ya ɗaga ruwa ko taƙi ɗaya, babu tiyo a bakinsa, batir kuma cike yake. Irin wannan famfo mai farfela yana da saurin tura ruwa, sai dai ba shi da ƙarfin ɗaga shi, kuma da zarar an sa masa tiyo mai tsawo da lanƙwasa, aka ce ya hau da ruwan mita guda zuwa gefen jirgi, abin da ke fita yakan ragu ƙwarai. Na kuma yi wani lissafin da ya sa jikina ya yi sanyi. Huda mai faɗin inci ɗaya, a zurfin ƙafa biyu ƙarƙashin ruwa, tana shigo da kimanin lita 60 a minti, wato lita 3,600 a awa. Tsohon famfona mai lamba 500, ko a bisa alkawarin kwalinsa, bai kai lita 1,900 ba. Ashe shekara biyu ina kai iyalina Tarkwa Bay da famfon da ba zai iya maganin komai ba sai ruwan sama.

Na sayi famfo biyu. Ƙarami mai lamba 500 zai zauna a can ƙasan kwarmi yana tsotse ruwan yau da gobe ba tare da ya cinye batir ba, babba mai lamba 2000 kuma zai zauna a kan ɗan dandamali sama da shi, ba zai tashi ba sai ruwa ya fi ƙarfin ƙaramin. Kowanne na saya masa makunninsa mai tasowa da ruwa, wanda aikinsa ya yi kama da na ƙwallon tankin ruwa na gida, na babban kuma na haɗa shi da ƙararrawa. Mai kantin ya miƙo mini tiyo mai zobe-zobe a ciki saboda ya fi araha kuma ya fi sauƙin lanƙwasawa, na ce masa, "Malam, mai santsin ciki nake so," domin waɗannan zobba suna rage gudun ruwa. Ya kuma ba ni shawarar in sa bawul mai hana ruwa komowa, na ƙi sa wa babban, saboda datti kaɗan na iya maƙale shi a daidai ranar da ake bukatarsa.

Bayan azahar na shiga aikin waya, wanda shi ne ya ci mini sauran yinin. Na yi amfani da wayar jiragen ruwa mai silli-silli da aka shafa wa kuza, domin iskar bakin teku ba ta barin jan ƙarfe tsirara ya daɗe. Ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa, ta ce kayan da ke da muhimmanci bai kamata wutarsu ta ragu a hanya fiye da kashi 3 cikin 100 ba, wato bolt 0.36 a tsarin bolt 12, ni kuma da wannan ma'aunin na yi wa famfon lissafi. Babban famfon yana jan kimanin amfiya 8, kuma tsawon waya daga batir zuwa gare shi da komowa mita 8 ne, domin zuwa da dawowa duka ake ƙirgawa. Da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 asarar za ta kai kusan bolt 0.45, da mai kaurin 4 kuwa ta tsaya a 0.28, saboda haka na ɗauki mai kaurin 4 duk da tsadarta.

Wayar makunnan nan masu tasowa da ruwa na kai ta kan batir kai tsaye, ban bi da ita ta babban makunnin da nake kashewa idan zan bar jirgi ba, domin jirgi ya fi kwana a matsaya babu kowa a cikinsa fiye da yadda yake yawo, kuma a wannan lokacin ne famfo ya fi amfani. Kowane famfo na ba shi fis nasa daban, dab da kan batir, cikin inci 7 kamar yadda ƙa'idar ta tanada. Girman fis ɗin na bi abin da takardar cikin kwali ta faɗa, amfiya 15 ga babban, ban ƙara ba. Idan tsinke ko leda ta maƙale farfela, famfon zai ci gaba da jan wuta yana zafi, kuma fis mai girma fiye da kima ba zai ƙone ya raba shi da batir ba. A gaban sitiyari na sa makunni mai matsayi uku, na aiki da kansa, na kashewa, da na kunnawa da hannu. Kowace mahaɗa na matse ta da filaya a cikin bututun da ke tsukewa idan ya ji zafi, mai gam a ciki, sannan na ɗaure ta can sama a jikin bango inda ruwa ba zai kai ba. Wayar famfo mai ruwan ƙasa ita ce ke zuwa jan kan batir, baƙar kuma baƙin kai. Na duba wannan sau biyu, saboda idan aka juya su famfon zai yi ƙara kamar yana aiki alhali ruwan da yake fitarwa kaɗan ne.

Kafin magariba muka yi gwaji. Na fara goge ɗan man inji da ke yawo a kwarmin da tsumma don kada in tura shi cikin tafki, sannan Baba ya riƙa zuba ruwa ni kuma ina riƙe da bokiti mai lita 20 a bakin mafita, wadda ke sama da layin ruwa sosai. Ƙaramin ya tashi da kansa, ya cika bokitin a daƙiƙa 65. Na riƙe makunninsa a ƙasa har ruwa ya hau, ƙararrawa ta yi kuka, babban ya cika bokitin a daƙiƙa 16, wato kusan lita 4,500 a awa, ba lita 7,500 da kwalinsa ya yi alkawari ba. Ya ɗan zarce abin da hudar inci ɗaya za ta shigo da shi, kuma wannan ratar ba ta da faɗin da zan so, don haka famfon hannu yana cikin abin da zan nema mako mai zuwa, tare da ƙaramin faifan sola da zai riƙa ciyar da batir a matsaya.

Na kashe babban makunni, na sake zuba bokiti biyu don in tabbatar ƙaramin zai tashi ba tare da shi ba, ya kuwa tashi. Na nuna wa Baba sautin ƙararrawar, na ce masa ko ƙarfe nawa ne na dare ya ji ta ya kira ni. Yanzu ƙarfe 10 ta wuce, hadari kuma ya sake haɗuwa ta wajen teku.