Alhamdu lillahi, an sauke kaya

Jiya na kare kundin digirina na uku a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har yanzu jikina bai yarda an gama ba. Kun san faman da anka sha, ba sai na maimaita ba.

Ina yaro muna wanka a fadamar Rima, har na fara fitsarin jini, manya sunka ce balaga ce. Sai da na girma na san tsargiya ce: tsutsa ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fatar mai wanka, ta tare a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Ita ta ja ni cikin wanga aiki.

Ranar da na fi tsorata, a wani ƙauye ne wajen Goronyo. Fitsarin yara ake karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita. Na iso da kwalabena, iyaye sunka janye ɗiyansu, wai asiri za a yi. Ina tsaye cikin rana, bakina ya bushe, sai wani dattijo ya ce, "Ɗana, nuna mini abin da kake biɗa." Na tace na jikansa, na aza a madubin gwaji. Ya daɗe yana leƙe, ya ga ƙwan da ɗan tsininsa a gindi kamar ƙaya. Ya ɗago ya ce, "Wanga abu na cikin yaron nan?" Ya ɗauki sandarsa ya bi gida-gida, kafin azahar kwalabe sun ƙare. Baba, ba ka Facebook, amma Allah ya ba ka Aljanna Firdausi, ya raya zuriyarka, ya kauda ciwon nan daga garinku.

Inna ta ce kada in ambace ta. Ki gafarce ni Inna, tumakinki biyu da kika sayar suna cikin kundin nan. Allah ya kai ki Makka, ya sa in rama miki. Malamina, da mai kula da ɗakin gwaji da ke jirana har bayan isha'i, da uwargidana mai haƙuri, Allah ya saka, ya suturta ku duniya da lahira.

'Yan'uwan da ke tambaya ko har yanzu fitsarin yara nake bi, ban gan ku jiya ba, amma na ga saƙonninku, na gode.

Wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri, barci nake.