Kwalin batir ɗin da kajina ke shan ruwa a ciki

Shekara huɗu ke nan ina kiwon kaji a bayan gidanmu a unguwar Zariya, nan Maradi. Da goma sha biyu na fara, na sake su suna tono a kangon da ke jikin katangarmu. Abin alfaharina shi ne ƙwan gida nake sayarwa, har maƙwabta na yi wa yaransu kamu tun kafin kaza ta tashi daga kai.

A kangon nan ne wani bawan Allah ke fasa tsofaffin batiran mota da na sola, ya kwashe dalmar ciki ya sayar, ya zubar da ruwan a ƙasa. Ni da kaina na roƙe shi kwalin batir guda, na wanke shi da omo na mai da shi mazubin ruwan kaji. Ba ya fashewa, ba ya kifewa, har murna nake na yi dabara.

Ɗan wana da ke karatun noma a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya zo gaisuwa, ya tsaya kan kwalin nan ya yi shiru. Can ya ce, "Gwaggo, tun yaushe suke sha a nan?"

Na ce ai lafiyarsu lau, ko ɗaya ba ta taɓa yin rashin lafiya ba. Ya ce nan matsalar take: kaza na iya ɗauke da dalma a jiki tana ta harkarta. Tana tsattsagar ƙasa tana haɗiye ta, gubar ta shiga jini, wani kaso ya sauka cikin gwaiduwa da ɓawo. Dafawa ba ta kashe ta, tunda ƙarfe ce, ba ƙwayar cuta ba. Kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Da ya ambaci Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010, sai jikina ya mutu, don autana kusan kullum da ƙwan nan yake karya kumallo.

Ban sake sayar da ƙwan waɗannan kajin ba, kuma ban yanka su na ci ba, duk da asarar ta yi min ciwo. Na kai yaron wurin likita na faɗi komai. Na gina akurki nesa da katangar, na kankare ƙasar wurin, aka zubo sabon yashi, na sayo 'yan tsaki. Dusa da gero a kwano, ruwa a kaskon ƙasa. Ɓawon ƙwai da nake dakawa in mayar musu cikin abinci, na tsofaffin kajin duk na zubar.

Abin da ya fi wuya shi ne bin matan da ke saye gida-gida ina yi musu bayani. Wata ta yi godiya, wata ta ce tsirfar 'yan boko ce. Mai batir kuwa sai da mai unguwa ya sa baki kafin ya kwashe kayansa.