Kukan difiranshal na a-kori-kura: totur ne zai nuna maka mai laifi

Kafin ka ɗora laifi a kan difiranshal, wato giyar da ke tsakiyar aksil mai raba ƙarfin injin ga tayoyi biyu, tabbatar shi ne mai kukan. Ƙarar taya tana canzawa idan ka sauka daga kwalta mai sumul zuwa mai kaushi, shi kuwa difiranshal ba ruwansa da irin hanyar. Boris ɗin taya yakan ƙara gurnani idan ka karkata sitiyari nauyi ya koma gefensa, ya lafa idan nauyin ya bar shi.

Sai ka sami miƙaƙƙiyar hanya, ka kai motar kilomita 60 zuwa 80 a awa. Taka totur, ka saurara. Ɗage ƙafa, ka sake saurara. Idan kukan na zuwa ne kawai lokacin da injin ke ja, ya ɗauke da zarar ka saki, haƙoran kirawun (babbar giyar difiranshal) da finiyan (ƙaramar giyar da ke juya ta) ne ba sa zama daidai a kan juna, ko sun ci. Idan kuma sai ka saki totur yake tashi, yawanci boris ɗin finiyan ne ya yi sako-sako, finiyan yana matsawa gaba da baya. Kukan wannan boris siriri ne, domin a aksil mai rabon giya 4.10 finiyan yana juyawa sau huɗu da ɗoriya kafin taya ta zaga sau ɗaya. Boris biyun da ke riƙe da kirawun kuwa gurnani suke yi, mai kauri.

Bugun ƙwas-ƙwas da ke bin saurin mota karyayyen haƙori ne. Yana dawowa kusan duk rabin mita? Na finiyan ne. Duk mita biyu da wani abu, na kirawun. Amma ƙwal ɗin nan guda ɗaya da ake ji idan an sa giya, a fara duba kurosan farfela, wato mahaɗan sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil. Sau da yawa su ne, kuma an sha buɗe lafiyayyen aksil a banza saboda su. Makyarkyata a kwana, idan difiranshal ɗin mai kulocin hana santsi ne, alama ce ta an zuba masa mai ba tare da sinadarin da kulocin ke buƙata ba.

Yanzu mai. Kwance marfin zubawa kafin na tsiyayewa, kada ka zubar da man sannan ka tarar na sama ya ƙi motsi. Ya kamata yatsanka ya taɓa mai a bakin ramin. Baƙin gari mai laushi a jikin maganaɗisun marfin ba abin tsoro ba ne. Ɓarɓashin da yatsa ke ji kamar tsakuwa shi ne matsala. Mai da ya koma kamar shayi da madara ruwa ne ya shiga. Yawancin waɗannan motoci suna shan lita 2 zuwa 3 na man giya nau'in GL-5, mai kaurin 80W-90 ko 75W-90. A duba ƙaramin bututun numfashi da ke saman aksil: idan ya toshe, zafi zai tura mai ta sil, robar da ke hana yoyo, ya jiƙa burki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen canza sil ɗin finiyan. A aksil da yawa akwai zobe tsakanin boris biyun finiyan wanda ke lanƙwashewa idan an ɗaure notin finiyan, kuma ba ya dawowa. Wanda ya sa bindigar iska ya ɗaure har ya wuce, ya matse boris ɗin, kuma sassauta notin ba zai gyara ba, sai sabon zobe. Shi ya sa ake sa alama a noti da sandar finiyan, a ƙirga zare kafin a kwance.

Kirawun da finiyan tare ake canza su, ba a aurar da sabo da tsoho. Ratar da ke tsakanin haƙoransu yawanci milimita 0.13 zuwa 0.20 ce, da agogon awo ake ganinta, ba da girgiza hannu ba. A shafa fentin gwaji a haƙori uku ko huɗu, a juya. Ya kamata sawun ya faɗo tsakiyar haƙori. Idan an sa sababbi, bayan kamar kilomita 800 a zubar da man farko, kuma kafin nan kada a ja tirela.