Gogenmu na Daura da Abokan Kiɗan da Ya Yi

A shagonmu da ke cikin garin Daura muna haɗa goge da kukuma, muna kuma zuwa wasa duk inda aka gayyace mu, biki ne ko suna ko naɗin sarauta. Ni ke riƙe da goge, ƙanena na kan kalangu, sai masu ƙwarya da 'yan amshi.

Duk wanda zai sayi goge a hannuna, kumbon nake fara miƙa masa. Duma ne da ya ƙosa a jikin uwarsa, ba wanda aka tsinke ɗanye aka shanya ba. Ƙwanƙwasa shi da farce ka ji ya amsa. A kansa ake shimfiɗa fatar guza tana jiƙe, a ja ta ko'ina daidai, a kafe, a huda rami a gefe don murya ta samu hanya. Tsagiya kuwa ta wutsiyar ingarma muke nema, don ta goɗiya fitsari ya riga ya cinye ta, ba ta jimawa take tsinkewa. A nan Allah ya rufa mana asiri, garin da ake hawan Sallah da hawan Gani ba ya rasa dawaki. Silli-silli nake tsefe ta ina zubar da mai ƙulli. Sannan jaki, ɗan guntun icen da tsagiya ke hawa: in ya goce ko da faɗin farce ne, gogen ya shaƙe. A bayan kumbo muke manna ƙaro, mai kiɗa ya riƙa goga izgarsa a kai, wato ɗan bakan da yake kaɗa gogen da shi.

Wurin kawuna na koya. Na daɗe aikina kawai ɗaukar jaka da gasa fatar goge a bakin wuta in damina ta sa ta saki. Ranar da ya fara ba ni, na danna tsagiya har ta taɓa sanda, sai ya bugi hannuna. "Kai yaro, ba a danna ta, shafa ta ake yi." Shi mutumin 'yan bori ne, kowane iska da takensa a kansa, kuma ya sha kiɗan rawa a otal-otal. Da shari'a ta zo a shekarar 2000 wuraren nan suka yi ta rufewa, ya ce mini in dai ina son cin abinci da goge, in nema masa sababbin abokai.

Na nema kuwa. Mun shiga situdiyo a Kano mun sa wa waƙoƙin fim goge, mun yi da yaran hip-hop da ke yanka kiɗana gunduwa-gunduwa su jera a kwamfuta. Mun yi bikin Yarabawa, inda na tarar su ma suna da nasu gogen a kiɗan sakara. Da Buzaye masu jita ma mun zauna, suna ba ni labarin imzad, gogensu da mata ke kaɗawa, wanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Namu fa? Namu an mayar da shi maɓalli a jikin fiyano.

Wannan shi ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai zo neman mu, in faɗi kuɗi, ya ce, "Haba maigida, mai fiyano shi kaɗai zai zo da kalangu da goge da algaita a akwati ɗaya, kuma a rabin wannan." In ce, "Alhaji, to ce wa akwatin ya gane baffan amarya in ya shigo, ya kaɗa masa taken gidansu."

Zaman da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda na yi da wani saurayi daga Legas mai kaɗa celo, babban gogen nan na Turawa. A zaune ake kaɗa shi, a rungume tsakanin gwiwoyi, da tsinken ƙarfe a gindi da ke kafe shi a ƙasa. Jikinsa katako ne, tsirkiyarsa huɗu, kuma an fi shekara 400 ana ƙera irinsa a Italiya. Ina karɓar izgarsa sai na yi dariya: gashin doki ne, har da ɗan ƙaronsa a gwangwani.

Da farko ba mu jitu ba. Shi daga takarda yake kiɗa, kuma yana da na'urar da ke gaya masa inda kowace tsirkiya za ta tsaya. Ni kuwa muryar mawaƙina da yanayin gari ke ɗaure mini goge, na hunturu daban, na damina daban. Ya ce in hau, na ce fata ba za ta ɗauka ba, sai shi ya sassauta nasa ya sauko. A nan na san ya san aiki. Kiɗanmu a kan muryoyi biyar yake yawo, amma daɗinsa yana tsakaninsu, wurin da yatsa ke zamewa, kuma celo ba shi da matakala a wuya kamar jita, don haka ya iya bina. Muka raba aiki: ya riƙe ƙasa da tsirkiyarsa mai kauri, wadda kake jin ta a ƙirji, ni ina yawo a sama, kalangu na tsakiya yana magana. Ya so ya rubuta komai, na ce rubuta, amma in mai sarauta ya shigo zan juya.

Haka ko aka yi a ɗakin taro a Katsina. Muna tsakiyar abin da muka shirya wani hakimi ya shigo, na faɗa takensa. Yaron ya ɗaga ido daga takarda, ya saurara kaɗan, ya shigo ta ƙasa ya tallafe ni. Da aka taso liƙi wata hajiya ta manna masa kuɗi a goshi, ya rasa yadda zai yi, hannuwansa biyu duk suna aiki. Fiyano ba zai taɓa yin wannan juyin ba, sai dai mai shi ya tsaya laluben maɓalli.

Mai son goge ya yi odarsa kafin ruwa ya sauka, don ba na ɗaura fata da damina, kuma ba na sa igiyar fatsa a madadin tsagiya kamar na 'yan kasuwa da ake ratayewa a falo. Wasa kuwa muna zuwa har Damagaram da Maraɗi. In kun riga kun ɗauki mai fiyano ba laifi, mun sha yin wasa tare da su. Sharaɗina ɗaya, ya bar maɓallin gogen nan nasa ya huta har mu tashi.