Kafin ku buɗe wa tsohuwa zaure a WhatsApp

Da wuya yanzu a sami gida mai tsoho marar lafiya a Damagaram da ba a buɗe masa zaure a WhatsApp ba. Ƴaƴa sun watse: wani na Yamai, wani na Agadas, wani ya tsallaka Kano, wani na Tamanrasset yana neman na kansa. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a cikin bas, ba wanda zai kira taron dangi duk ranar da jinin tsohuwa ya hau. Waya ta ɗauke mana wannan wahala, ban musa ba. Ni na buɗe namu lokacin da hawan jini da ciwon sukari suka haɗu wa Innarmu, ina Yamai wurin aiki, kuma yawancin abin da zan faɗa muku sai da na ɓata sannan na koya.

Ɓarnar farko a wurin zaɓen mutane na yi ta. Na zuba kowa: kawunnai, gwaggonni, ƴaƴan ƴan uwa, har da abokan marigayi Baba. Mutum ɗaya na bari a waje, matar ƙanena, wadda ita ce ke kwana ɗaki ɗaya da Inna a gidanmu na Birni, ita ke mata wanka, ita ke dama mata kunu marar sukari. Dalilina wai wayarta ƙarama ce mai maɓalli, mijinta zai riƙa isar mana da labari. Shi kuwa mijin tun safe yana kasuwar Dole, sai magariba. In ya dawo ya leƙa ya ce “Inna, ya jiki?” ta ce “Da sauƙi,” shi ke nan ya rubuta mana da sauƙi. Wane tsoho ne za a tambaya ya ce ba sauƙi? Sai “Alhamdulillahi” da “Allah ya ƙara afuwa” su yi ta zuba, a biyo da hotunan addu'a, wani ya turo muryar mai maganin da ke warkar da sukari a mako guda. In an yi maganar da ke da amfani, kafin azahar ta nutse.

Ku raba zaure biyu. Babba na dangi, a yi gaisuwa da addu'a, wannan ma haƙƙinsu ne. Ƙarami kuma kada ya wuce masu jinya da masu biyan kuɗi, kuma wadda ke gefen gado ita ce ta farko a ciki, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba ta da babbar waya ku haɗa ku saya mata, ku ɗauki nauyin kuɗin intanet ɗinta kowane wata ba sai ta roƙa ba. Kada ku ce sai ta rubuta. Murya ɗaya bayan isha'i ta isa: me Inna ta ci, ta yi barci ko ba ta yi ba, ta sha magani, ta zaga lafiya. Ranar da muka fara jin muryar matar ƙanena muka san cewa Inna ta daɗe tana jin jiri in ta miƙe.

Wannan jirin kuwa da hannuna a ciki. Likita a Damagaram ya rubuta mata maganin hawan jini, aka saya a farmasi, a jikin kwalin an rubuta Amlor. Yayanmu na Kano, da kyakkyawar niyya, ya aiko da wani mai suna Norvasc, ya ce shi ake ba surukarsa. Aka tambaye ni a zaure, ni mai boko. Daga kan kujerar ofis, ko hoton kwalin ban nema ba, na ce a haɗa mata duka, na Kano ma mai kyau ne. Ashe magani ɗaya ne, amlodipine, sunan kasuwa ne kawai ya bambanta tsakanin ƙasashen da ke bin Faransa da masu bin Ingila. Inna ta yi ta shan ninki biyu. Ƙafafu suka kumbura, in ta tashi sai ta dafa bango, wata asuba ta zame a bakin bayi. Allah ya tsare ba ta karye ba. Wani ma'aikacin jinya ne ya ce a zuba duk magungunan gidan a leda a kawo masa. Ya baje su a kan tebur, ya ɗora yatsa a kan ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin babban suna a kwalayen biyu, ya ɗago ya tambaya wa ya ce a haɗa. Ƙanena bai tona ni ba, amma duk mai cikin zauren ya ji muryata.

Mu da ke zaune tsakanin farmasin Zinder da kasuwar Kano wannan tarko kullum yana gabanmu. Doliprane da Efferalgan da Panadol duk paracetamol ne. Glucophage shi ne metformin. Don haka a ɗauki hoton takardar likita ranar da aka rubuta ta, a ɗauki hoton kowane kwali yadda ƙaramin suna da yawan miligiram za su fito sarai, mutum ɗaya ya riƙe jerin. WhatsApp yana bari a maƙala saƙo a saman zaure har kwana 30, sai a riƙa sabuntawa. Kuma a yi doka, ko babban yaya ne: ba a ƙara wa tsohuwa ƙwaya ko jiƙo sai wanda ke duba ta ya gani.

Na'urar awon jini ma na saya na aiko, na kafa dokar a riƙa awo kusan kowane lokacin salla a turo mini. Sai na mayar da gidan wurin fargaba. Lamba ta ɗan motsa, in kira ina faɗa. Har rikici muka yi don na'ura ta nuna 140 da 90, a asibiti kuma an ce 14 da 9, wata gwaggo ta rantse an yi kuskure, alhali abu ɗaya ne. Safe da yamma ya wadatar, bayan ta zauna ta huta kamar minti biyar, hannu a ɗore daidai ƙirji, ba ana cikin hira ba. A rubuta a littafi na takarda, shi za a kai wa likita. Amma in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ba lokacin ɗaukar murya ba ne balle jiran na Yamai ya saurara. A nufi babban asibiti nan take. Lambar maƙwabci mai mota da ta mai adaidaita da aka amince da shi su kasance a rubuce a bangon ɗaki.

Na ce takarda da bango ne don abin da muka gani a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka rufe iyaka. Waya ta mutu ba caji, maganin da muka saba jira daga Kano ya tsaya. Tun daga nan muka sa ƙaramar sola don caji, kuma ba ma bari magani ya rage na mako guda ba a sayo wani ba.

Kuɗi kuwa turawa ta yi sauƙi: Nita, Amana, Al Izza, cikin ɗan lokaci an karɓa. Lissafin ne ya kusa raba mu. Kowa na turo wa ƙanena a ɓoye, ba wanda ya san abin da wani ya bayar, sai zargi ya shigo, ni ma na taɓa tambayarsa ina jika hamsin ɗin da na aiko ta shiga. Na manta cewa a Damagaram in famfo ya ɗauke sai an sayi ruwa wurin ƴan garuwa, kuma mai jinya wanki take kullum. Na manta sabulu, gawayi, kuɗin kabu-kabu zuwa awon sukari. Mu na nesa magani kawai muke gani don shi ke da rasit. Yanzu duk wanda ya tura sai ya saka hoton rasit a ƙaramin zaure, ƙarshen wata a karanto abin da aka kashe, kuma akwai kason matar ƙanena na kanta wanda ba a tambayarta me ta yi da shi. Ƙanwarmu ta Mirya tana zuwa wasu ranakun Juma'a ta karɓe ta, ita ma ta je ta gaida nata iyayen.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoto. Da aka kwantar da Inna, na sa aka ɗauke ta a gadon asibiti, ruwa a hannu, ɗankwali ya zame, na saka a babban zaure don a ga halin da ake ciki. Wani ya ɗora a status. Maƙwabciya ta zo dubiya ta ce ai ta gan ta a waya. Da na kira da dare, Inna ba ta amsa gaisuwata ba, ta ce, “Ɗan nan, tallata ka kai?” Matar da ko zauren gidanta ba ta leƙawa ba lulluɓi. Ciwon tsoho sirrinsa ne, a tambaye shi wa za a gaya wa, kuma me za a faɗa. A lokacin na lura kullum maganarta muke, amma ba mai kiranta ita kanta ya ji ta bakinta. Ba ta son kiran bidiyo, ta ce yana sa ta tsarguwa, sai a sa mata a lasifika bayan la'asar, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya.

Saura maganar azumi. Likita ya ce da irin sukarinta kada ta ɗauka, malamin unguwa ya ce ta ciyar. Muka tattauna a zaure muka yanke, har na aiko da kuɗin hatsin ciyarwa. Matar ƙanena ta saurare mu duka, sannan ta turo murya ta ce to wa zai zo ya faɗa wa Inna, don ita kam ba za ta iya ba. Sai da Kawu, ƙanen Inna, ya taso daga Matamai ya zauna da ita.